Goron da Baba Ya Ƙi Karɓa

Shekaranjiya na kai takalmin ɗiyata gyara wurin wani tsoho a unguwar Bani Malik, nan Jidda. Yana buɗe gwangwanin baƙin man takalmi ƙamshin ya daki hancina, sai ga ni a tsakar gidanmu na unguwar Waziriyya, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ranar Laraba bayan la'asar. Wataƙila kai ƙamshin nan layin makaranta kawai yake tuna maka. Ni Babana yake tuna mini, zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ya tura hannu cikin baƙin takalmi yana gogewa, bai kula kowa ba, kamar wanda gobe za a ɗaura masa aure.

Gobe Alhamis ke nan, kuma a zamanin Alhamis da Juma'a ne hutu a Saudiyya. Alhamis ɗin sanyi, daga an daina zufa a Jidda har zafi ya fara dawowa, Baba ba direba ba ne. Alƙalin wasa ne. Kada ka ce ƙwallon ƙafa, da abin ya zo da sauƙi. Wasan da ake kira besbol ne, wanda a duk unguwarmu ba mai iya faɗin sunansa sai an yi dariya. Wani yaro ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki, in ya buge ta ya ruga yana zaga tashoshi har ya dawo inda ya tashi, wurin da aka kafa wata farar roba a ƙasa ana ce mata gida. Bayan mai bugu akwai mai cafewa a tsugunne, bayan mai cafewa kuma akwai alƙali a durƙushe yana duban kowace jifa. In jifa ta bi daidai mai bugu bai taɓa ta ba, alƙali ya ɗaga hannun dama. Sau uku, yaro ya fita. In ta kauce sau huɗu, yaro ya taka zuwa tashar farko kyauta, ba gumi. Abin da za ka riƙe ke nan, sauran dokokin ni ma sai da na girma na gane su.

Baba yana tuƙa mota ne a wani kamfanin baƙi da ke da unguwarsa mai katanga can arewacin gari, su ne kafilansa masu tsaya masa, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a hannunsu take. A cikin katangar akwai fili, 'ya'yan ma'aikata suna wasa: na Amurka, na Filifin, na Lubnan, na Pakistan, da ni, ɗan Bahaushe ƙwaya ɗaya. Da farko Baba layin farar ƙasa kawai yake zuba musu. Wani tsohon Bature da ke alƙalanci ya lura mutumin nan da ke tsaye bayan shingen waya yana riga shi ganin jifar da ta kauce, sai ya jawo shi ya koya masa. Da zai bar ƙasar ya bar masa jakar kayansa: takunkumin ƙarfe na fuska, sulken ƙirji, kariyar ƙwauri, ɗan buroshin share gida, da wani ƙaramin abin ƙirga da ake riƙewa a hannun hagu yana ƙas-ƙas. Turancin Baba bai wuce a ƙirga da yatsu ba, amma hannunsa ba a taɓa neman tafinta a kansa ba.

Ranar wasa muna fita da an idar da asuba. Iskar teku tana da ɗanɗanon gishiri a lokacin, tituna ba kowa sai masu burodi da kuliyoyi. Muna isa bakin ƙofar katangar zai tsayar da mota ya ce, “Sauka. Daga nan ba ni da ɗa sai an tashi.” Ban taɓa jin haushin wannan ba, domin ni ɗan fari ne, ko a gida ba sunana yake kira ba. A gida ni ne “kai yaro”, a fili ni ne lamba tara, ka ga ashe ma a fili na ɗan samu ƙarin girma.

Yakan riga kowa da sa'a guda. Ya zaga filin da ƙafa, kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura, yana tsince duwatsu da kwalba, yana cike ramin da kare ko mai ban ruwa ya bari. Ya taɓa waya ko ta ɓalle. Sabbin ƙwallaye ya murje su da ɗan taɓo a tafin hannu don kada su sulluɓe wa yara. Yara suna zuwa ya jera hulunan kwanonsu da kulakensu ya duba ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsage ya ture gefe, ko na ɗan waye. Na ga ranar da ya ture hular ɗan manajansa, mutumin da ranar Asabar shi ke buɗe masa ƙofar mota. Manajan ya taso yana magana, Baba ya nuna masa tsagin da yatsa, ya nuna masa benci da tafin hannu, ya ci gaba da aikinsa. Asabar ta zo ya buɗe masa ƙofa kamar kullum, shi ma manajan bai tayar da zancen ba.

Akwai kuma dokar da ta fi ba ni mamaki. Iyaye mata sukan zo da kek da lemo mai sanyi, kowane ɓangare da teburinsa. Baba bai taɓa sa ko tsinke a baki daga teburin kowa ba. Ruwansa daga gida yake zuwa da shi, a gora naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. In an miƙo masa abu ya dafa ƙirji ya girgiza kai. Ba ya tsayawa hira da koci, ba ya yi wa uban yaro dariya, gaisuwa ɗaya ce ga kowa. Wannan fa mutumin da in ya haɗu da maƙwabci a lungu sai ya tambayi gajiya da gida da yara da kasuwa har tuwo ya huce. Ya taɓa ce mini a mota, “Bai isa ba ka yi gaskiya kawai. Sai yaron da aka fitar ya koma gida ya san ba a saye ka ba.”

Yanzu sai Kaka, mahaifin Ummata. Shi ne Alhaji, duk da a Jidda in ka ce Alhaji rabin titi ne zai waiwayo. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, ta Sudan, ƙafa da jirgin ruwa, ya zauna. Yana da ɗan shago na goro da turare, kuma a ɗakinsa na waje ake sasanta mutanenmu in sun saɓa. Shi ya tsinci Baba yana sabon zuwa, ba aiki ba masauki, ya ba shi tabarma, ya nema masa tuƙi, daga baya ya ba shi 'yarsa. Don haka abin da ke tsakaninsu ya wuce surukuta. Kowace Juma'a bayan masallaci Baba zai cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya shiga ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ba zai tashi ba sai an ce ya tashi. Kaka ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro, marsa, ya miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. Goro a Jidda ba abin banza ba ne, sai alhazai sun zo da shi, kuma Kaka ba kowa yake ba fari ba. Ban taɓa jin Baba ya ce wa Kaka a'a ba, ko a kan ruwan sha.

Ni da Kaka kuwa abokan tsiya ne. Yana ce mini ragon maza, ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Duk abin da na roƙa, zai zage ni tas sannan ya yi.

Baba ba ya alƙalancin wasan da nake ciki, yakan karɓi na wasu yara. Amma wani mako abokin aikinsa ya tafi hutu ƙasarsu, ga wasa mai muhimmanci, wanda duk ya ci shi zai wuce gaba, kuma da mu za a yi. Baba ya je ya gaya wa kociyoyin biyu cewa lamba tara ɗansa ne, in da mai ja ya faɗa. Dukansu suka ce sun yarda. Na ji labarin tun ranar Litinin, na kwana uku ina saƙa da warwara.

Bari in faɗa maka gaskiya, ban iya bugu ba. Kulkin ya fi ƙarfina, ƙwallon tana ba ni tsoro. Abin da nake da shi ɗaya ne: gajarta. Gajeren yaro yana da wuyar jifa daidai, don haka rabona a wasan shi ne in tsaya ƙiƙam in jira jifa huɗu su kauce in taka kyauta. Wanda zai ce ta kauce ko ba ta kauce ba kuwa, a wannan Alhamis, Babana ne. Na san ni ba zan iya tanƙwara shi ba. Amma na san mutum ɗaya a duniya da bai iya yi wa musu. Na ce a raina, in Kaka ya zo ya gaisa da shi, ya zauna inda zai riƙa ganinsa, hannun daman nan zai yi nauyi in an zo kan jikansa. Wayon yaro ke nan, yana ganin ƙofar shiga bai duba ta fita ba.

Na je shago na ce wa Kaka ya zo ya ga yadda nake wasa, ya kuma ga yadda Turawa ke bin umarnin surukinsa. Na ƙara da cewa in ya iso ya shiga har tsakiyar fili ya gaisa da Baba, haka manya suke yi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ya ce, “Ragon maza, ni zan bar shago in je kallon yara suna guje-guje?” Na san ya yarda. Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Umma ba.

Safiyar ta yi kyau, har yanzu ina ganin ta. Ciyawa da raɓa, layukan farar ƙasa sabbi fil, rana ba ta fara cizo ba. Baba ya gama duba kaya, yana tsaye a bakin farar robar gida da kociyoyin biyu ana maganar ƙarshe kafin a fara, takunkumi a hammatarsa. Sai ga Kaka. Wani maƙwabcinmu mai ɗaukar kaya ya kawo shi a motarsa. Ya sha babbar riga fara ta zuwa Juma'a, da rawani, da sanda. Bai nufi benci ba. Ya tura ƙofar waya ya shigo, yana takawa a hankali, ya ratsa layin da Baba ya zuba, har ya tsaya gabansu. Iyaye ɓangare biyu suka zuba ido. Ya sa hannu a aljihu ya fito da farin goro ya miƙa.

Ina tsaye kusa, ina jin komai. Baba ya mayar da hannayensa biyu baya. Bai cire takalmi ba, bai durƙusa ba. Ya ɗan sunkuyar da kai kawai, ya ce a hankali, “Barka da zuwa, Alhaji. Ku yi mini haƙuri, sai an tashi.” Sannan ya buɗe tafin hannu ya nuna masa ƙofar waya, irin nunin da ya yi wa manaja.

Hannun Kaka ya daɗe a miƙe, ko kuwa ni na ga ya daɗe. Ya dubi goron, ya dubi Baba, ya mayar aljihu. Ya juya ya fita ya zauna a ƙarshen benci. Daga nan ya ga surukinsa ya sunkuya yana share farar roba da buroshi, ya ga ya durƙusa bayan wani ɗan Filifin, ya tashi, ya sake durƙusawa, ya tashi. Kafin a zo kaina na waiwaya, wurinsa ba kowa.

Mun ci wasan, in kana son sani. Ba da ni aka ci ba. Sau uku na tsaya bugu. Sau ɗaya jifa huɗu suka kauce da gaske na taka, sau biyu hannun dama ya tashi har uku na koma benci. Bai tsananta mini ba, bai sassauta ba, lamba tara ce kawai ta zo ta wuce. Yara suna tsalle suna rungumar juna, ni kek ɗin ma ya ƙi wucewa. Na hangi Baba ya fita ta ƙofar baya kamar yadda ya saba, ya tuɓe kayan a bayan mota, ya zura jallabiya, ya dawo ba takalmi yana duba benci ɗaya bayan ɗaya. A mota bai tambaye ni komai ba, ni ma na yi kamar barci nake.

Da yamma Umma ta je gidan Kaka, ta dawo idonta ja. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta maimaita abin da aka ce mata, ba ragi: “Mijinki yana da gwiwar durƙusa wa ƙwallo, ba shi da ta durƙusa mini. A gaban Nasara ya nuna mini ƙofa.” Baba ya ce, “Gobe zan je.”

Ya je. Ya cire takalmi, ya durƙusa. Kaka ya ce “Lafiya” yana kallon bango, hannunsa bai je aljihu ba. Juma'a ta biyu haka, ta uku haka. Za ka ce me ya hana Baba ya yi bayani? Ni ma na yi wannan tambaya a raina, sai na ji Umma ta yi masa ita a kicin. Ya ce, “In ce masa me? In ce na ƙi karɓa don kada a ce goro aka ba alƙali? Kin san abin da goro yake nufi a irin wannan wuri. In na faɗa, na ce Alhaji ya zo sayena ke nan. Gara ya ce ba ni da kunya da in ce masa haka.” A nan na gane kalmar tana da fuska biyu, kuma Kaka da fuska ɗaya ya zo, ni na ɗora masa ta biyun.

Gidanmu ya yi sanyi. Umma ta daina 'yar waƙar da take yi in tana tankaɗe. Ta shiga tsaka mai wuya, ga uba ga miji, kuma kowa yana da gaskiyarsa. Laraba ta uku da la'asar Baba bai fito da takalmi ba. Ya ɗauki jakar ya ɗora bisa kabad, ya ce ya gaya musu su nemi wani. “In wasan yara zai raba ni da Alhaji, shi ke nan, na bari.” Ya faɗa ba fushi, amma na san abin da ya ajiye. Kwana biyar yana buɗe wa mutane ƙofa suna shiga ba su dube shi ba, rana ɗaya ce tak ake jiran abin da hannunsa zai ce. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don ni kaɗai na san inda zaren ya ƙulle.

Asabar daga makaranta ban je gida ba, na wuce shago. Kaka yana zaune ya buɗe huhun goro, yana yayyafa ruwa yana ware masu sankara gefe. Bai ce mini ragon maza ba, abin da ya fi zagi ciwo. Na tsuguna na faɗa masa duka: yadda ban iya bugu ba, yadda hannun Baba ke yanke hukunci, yadda ba a yarda kowa ya shiga fili ba, yadda alƙali ba ya karɓar ko ruwa, da dalilin da ya sa na ce ya shiga har tsakiya. Ina faɗa ina kuka, majina har baki.

Ya daɗe yana juya wani goro a hannu. Sannan ya ce, “Tsaya in gane. Kai ka kira ni don ubanka ya gan ni ya ji nauyi, ya danne gaskiyar 'ya'yan mutane?”

Na ce e.

“Wato ba ni na kai goro ba. Ni ne goron.”

Ya miƙo hannu ya kama kunnena ya murɗa sai da na ga taurari, ya saki. Sai kafaɗarsa ta fara rawa, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa har da hawaye. Ya ce shekara nawa yana sayar da goro a Jidda, ba a taɓa naɗe shi a ganye an kai shi ba sai da ya haifi jika. Da ya nutsu ya tambaye ni, “Da ya karɓa fa?” Na ce da iyayen wancan ɓangare sun ce an saye shi, kuma da ba wanda zai ƙara yarda da hannunsa. Ya ce, “Shi ya san haka, ya yi shiru mako uku ina wulaƙanta shi?” Na ce e. Ya rufe huhun, ya ce in tashi in tafi gida kafin ya canza ra'ayi game da ɗaya kunnen.

Kada ka zaci ya ba da haƙuri. Tsofaffinmu ba sa yi, suna da wata hanyar. Juma'a ta zo, na bi Baba. Ya cire takalmi ya durƙusa. Kaka ya amsa gaisuwar har ƙarshenta, gida da gajiya da aiki, sannan ya ce, “Jiya an yi wasa?”

“Na ajiye, Alhaji.”

“Wa ya ce ka ajiye? Ni na ce? Ka ɗauki kayanka.” Ya buga darduma kusa da shi da tafin hannu. “Taso ka zauna nan.”

Baba bai taɓa zama a wannan darduma ba, sai da aka faɗa sau biyu ya matsa, ya ɗosana a gefe. Kaka ya ce mutum biyu suna tafe yanzu, sun saɓa a kan wurin ajiye kaya a gaban shagunansu, ɗaya kuma Kawuna ne, ɗansa na cikinsa. “Kai za ka saurare su. Ni in na ga ɗana sai zuciyata ta karkata, na sani. Kai kuwa na gani da idona, ko ni ba ka bari na tsaya inda bai kamata ba.” Suka zo, Baba ya saurara kansa a ƙasa, ya ba Kawu rashin gaskiya cikin kalmomi kaɗan. Kawu ya dubi ubansa yana jiran ceto, Kaka ya ce, “Me kake kallona? An yanke. Yalla, ku tafi.” Daga ranar har Kaka ya bar duniya, duk sulhun da ya shafi jininsa Baba yake turawa.

Kaka bai tona ni ba. Ya riƙe abin ya zama makamin tsokana, in na shigo ya ce ga dillalin goro nan, kowa ya ɗauka don ina taya shi shago ne. Ya koma filin sau biyu ko uku kafin sanyin ya ƙare. Yakan zauna a ƙarshen benci da sandarsa, in hannun Baba ya tashi shi ma ya ɗaga nasa ya ce “A fita”, ko yaron wane ne, har iyayen Filifin suka saba da shi suna kawo masa lemo. Shi ba alƙali ba ne, yana sha abinsa.

Yau filin babu shi, gidaje masu hawa ne a wurin, kamfanin ma ya tashi tuntuni. Hutu ya koma Juma'a da Asabar. Mun bar Waziriyya, Baba yana tare da ni a Bani Malik. 'Ya'yana suna jin Hausa fiye da yadda suke mayarwa, kuma in sun shigo gaishe shi ba sa durƙusawa, a tsaye suke sumbatar kansa irin na mutanen nan. Da farko nakan harare su. Shi ya hana ni, ya ce ladabi ba a gwiwa kaɗai yake ba, kuma ya fi kowa ikon faɗin haka. Nasa gwiwoyin sun gama aiki, shekarun durƙuso bayan 'ya'yan mutane sun cinye su, a kan kujera yake salla. Ba ya kuka da su. Yakan ce sun yi abin da aka halicce su dominsa.

Kwanan baya muna shan shayi bayan la'asar na ga lokaci ya yi, na gaya masa ni na kira Kaka a ranar, da dalilin. Ya kurɓa ya ce ya sani, tun da ya ga na ƙi kallon wajensu ya sani. Na ce to me ya hana shi faɗa, ya bar kansa cikin wahala? Ya ce, “Kai ne za ka faɗa. Da ni na faɗa, da ba ka koyi komai ba.” Sai na tambaye shi abin da na daɗe ina son ji, ko bai ji tsoro ba da ya ga hannun Alhaji a miƙe.

Ya ajiye kofin ya shafa gwiwarsa ta dama. Ya ce, “Wannan ta fara sauka da kanta, ba da izinina ba. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin tsayuwar nan ba. Amma akwai yara goma sha biyu a wancan benci, su ba su da kaka a wurin.”

Ya miƙo kofin na ƙara masa shayi.